Me Ke Sa Bikin Waƙa Ya Zama Na Kirista? Bincike Cikin Tarihin Gobir



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne taron kiɗa da waƙa na Kirista, da kuma abin da ke sa a ce taro irin wannan na addini ne ko ba na addini ba ne. Zan fara da wani misali na nesa don a ga siffar tambayar, sa'an nan in komo gida, watau ƙasar Gobir, inda nake ganin tambayar ta fi tsufa, ta kuma fi nauyi.

A shekarar 1974 waɗansu matasa Kirista a Ingila suka shirya wani biki a wata gona cikin lardin Safok, suka sa masa suna Greenbelt. Nufinsu su haɗa bishara da irin kiɗan da samarin lokacin ke so. Da tafiya ta yi tafiya sai bikin ya buɗe ƙofarsa ga makaɗan da ba ruwansu da majami'a, da masu wasan kwaikwayo, da masu jawabi kan siyasa, har da Musulmi. Daga nan gardama ta tashi tsakanin masu zuwa: shin wannan biki na Kirista ne har yanzu? Waɗansu suka ce ai tun da ana taruwa ranar Lahadi a ci Jibin Ubangiji, magana ta ƙare. Waɗansu suka ce sujadar safiya ɗaya ba ta isa ta tsarkake kwana uku na kiɗan duniya ba. To, su can gardama ce ta cikin gida, wadda iyakarta wani ya yi fushi ya daina sayen tikiti. A wajenmu kuwa amsar wannan tambaya ta taɓa zama dalilin ƙona gini.

A Sabon Birni da Isa Kirista 'yan kaɗan ne, kuma tarukan waƙarsu ba irin na Ingila ba ne. Abin da Kiristan ƙasar Hausa suka sani shi ne taron Zumuntar Mata, da waƙe-waƙen Kirsimati, da godiyar kaka, ranar da manomi ke kai damin gero majami'a. In mutum yana so ya ga tushen wannan a Gobir, tilas ya tsallaka iyaka zuwa Tsibiri da Maradi. Dalilin haka yana cikin tarihi.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa ba su saduda ba sai da aka gwabza a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, Sarkin Gobir Ali ya rasa ransa. Waɗanda suka tsira suka bi Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maradi, garin Katsinawan da su ma jihadi ya koro. Bayan tsakiyar ƙarnin ne Ɗan Halima ya saɓa da gidan Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa tana hannun zuriyar Bello, waɗanda su ma ke riƙe da sarautar Sarkin Gobir. Ke nan tun kafin Bature ya zo, sunan Gobir ya rabu gida uku. Da Ingila da Faransa suka ja layinsu, cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sai Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. A Sakkwato, a 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma bisa wannan alkawari gwamnati ta daɗe tana hana 'yan mishan zama cikin masarautu, har sai shekarun 1930 da aka ba su aikin jinyar kutare a wurare irin su Amanawa. Faransawa ba su ɗauki irin wannan alkawari ba. Saboda haka mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, ya sami zama a Damagaram a 1924, bayan 'yan shekaru ya zauna a Tsibiri, a gindin fadar Sarkin Gobir. Watau Kiristanci ya shigo Gobir ta arewa ne, ba ta kudu ba kamar yadda mutane da yawa ke zato.

Akwai wata riwaya da ya kamata in ambata a nan, ko da a gurguje. Bello da kansa, cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo zancen cewa asalin Gobirawa Ƙibɗawan Masar ne da suka zauna Azbin. Kilafaton, wanda ya ziyarci Sakkwato a 1824, ya tafi da wani yanki na littafin, aka fassara shi a Turai, daga nan marubuta Turawa suka riƙa maimaita cewa Gobirawa tsofaffin Kirista ne. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin labarin asali irin na gidajen sarauta, wanda ke gaya mana yadda mutane ke kallon kansu fiye da yadda yake gaya mana inda suka fito. Abin da ɗan mishan ya tarar a Tsibiri ba ragowar wata tsohuwar majami'a ba ce. Ya tarar da Musulunci, ya kuma tarar da Inna.

Inna, kamar yadda kuka sani, 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar 'yan bori ta ƙasa duka. A ƙarƙashinta ake kiɗan garaya da goge da ƙwarya da caki, kowane iska da takensa, wanda in an kaɗa shi zai hau dokinsa. Sarki yana da tambari da kakaki da algaita, maharba da manoma suna da nasu, akwai kuma bukukuwa irin su buɗin daji. A irin wannan ƙasa kiɗa ba abin nishaɗi kaɗai ba ne. Kiɗa kira ne, kuma kowa ya san wanda ake kira. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe, domin shi ya sa duk mai kawo gyaran addini a Gobir ya fara karo da ganga.

Na farkon da ya yi wannan karo shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Cikin Kitabul Farƙi ya lissafa shagalin kiɗa cikin al'adun sarakunan Haɓe da ya soka. Malaman jihadi sun yarda da gangar yaƙi da ta kiran jama'a, da ɗan abin da ake bugawa don sanar da aure, amma sun ƙi kiɗan da ke cuɗa maza da mata a dandali. Har a tsakaninsu ma sun saɓa, gama Malam Abdullahi ya fi tsanantawa, Shehu kuwa ya sassauta a rubuce-rubucensa na baya, irin su Najmul Ikhwani. Amma a lura, ba su bar mutane ba waƙa ba. Sun san wanda aka hana wa ganga, in ba a ba shi abin rerawa ba, zai koma inda ya fito. Sai suka tsara waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa, a kan ma'aunan Larabci, a rera su da murya zalla.

Wadda ta kai wannan dabara matuƙa ita ce Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Bayan yaƙe-yaƙe gidajen Sakkwato da Wurno sun cika da matan Gobir da aka kamo, kuma sun zo da borinsu. Asma'u ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyoyin matan karkara masu zuwa wurinta ɗaukar karatu, su koma ƙauyukansu da waƙoƙi a ka. Shugabar kowace ƙungiya jaji ake ce mata, kuma malfa ake ɗora mata. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru tana nazarin rayuwar Asma'u, ta nuna cewa malfar nan alamar Innar Gobir ce. Ashe Asma'u ta karɓi siffar taron Inna ne, ta zubar da abin da ke ciki, ta zuba nata. Taron mata ne, da shugabar mata, da waƙa, amma wanda ake kira ya sāke.

Kuma ganga ba ta mutu ba. A Isa, gari na jikokin Bello, a nan Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso, ya bar mana Bakandamiya, ya cika waƙoƙinsa da zancen malanta har yana kwatanta kansa da masu karatu. Babu wanda ya ce fadar Isa ta fita Musulunci saboda kotso.

Yanzu mu dubi 'yan mishan. Mutanen SIM 'yan Furotesta ne masu tsananin riƙo da nassi, daga Amurka da Kanada da Ingila. Ba su shan giya, ba su rawa, suna kuma ƙyamar duk abin da ya yi kama da tsafi. Da suka ji kiɗan bori sai suka yanke hukunci irin wanda malaman jihadi suka yanke shekaru ɗari da suka gabata, ba tare da sun sani ba: ganga ta iskoki ce, ba za ta shiga ɗakin sujada ba. Maganin da suka kawo shi ma iri ɗaya ne, watau waƙa rubutacciya da murya zalla. Bambancin shi ne malaman jihadi sun san harshen ciki da bai, su kuwa baƙi ne. Suka ɗauko waƙoƙin majami'un Ingila da Amurka suka juya su zuwa Hausa, suka bar karinsu na asali, aka tara su cikin Littafin Waƙoƙi. Waƙar Hausa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi take tafiya, harshen kuma yana rarrabe ma'ana da tsawon wasali da hawa da saukar murya. Garin da ake zama da garin da ake tuƙawa tsawon wasali kaɗai ya raba su. Karin Turawa bai san da wannan ba. Yakan ja gajeren wasali ya gajarta dogo, ya ɗaga murya inda Bahaushe zai sauke. Sakamakon haka Bagobirin da ya wuce ta bayan majami'a yakan ji kalmomin harshensa cikin wata murya da ba tasa ba. A wancan zamani ba wanda zai yi shakkar ko taron na Kirista ne, domin kunne kaɗai ya isa shaida. Sai dai farashin wannan tabbaci shi ne Kirista ya zama baƙo a garin ubansa.

Mata ne suka warware wannan, kamar yadda suka yi a zamanin Asma'u. Zumuntar Mata ta bunƙasa cikin majami'un Arewa masu amfani da Hausa, ta kuma bi hanyar SIM har ƙasar Nijar. Matan nan galibinsu ba su yi karatun boko ba, littafin bai amfane su sosai ba. Sai suka riƙa ƙirƙiro nasu waƙoƙi a kan tsarin da suka gada daga waƙar daka da niƙa da gaɗa: zabiya ta bayar, sauran su amsa. Suka shigo da tulu suna buga bakinsa, da caki, da ƙwarya, daga baya har ganga. Ku lura da kayan. Caki da ƙwarya su ne dai na zaman bori. Dattawan majami'a sun yi gunaguni, amma majami'u sun riga sun fara komawa hannun 'yan ƙasa, ECWA a Nijeriya a 1954, majami'ar bishara ta Nijar a farkon shekarun 1960, kuma fasto ɗan ƙasa ya san in ya kori matan nan ya kori rabin jama'arsa da mafi yawan baikonsa. Sa'an nan ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa ta zo cikin shekarun 1960 da mawaƙanta masu fita kasuwa da ƙauye da kiɗa, gidan rediyon Muryar Bishara kuma yana ɗaukar waƙoƙi a Jos ana watsa su daga Addis Ababa, har aka rufe tashar a 1977. Kafin ƙarni ya ƙare, taron Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da gasar waƙa tsakanin gundumomi, ya zama shi ne babban bikin fasaha na Kiristan da ke jin Hausa.

(Musulmi kada mu yi dariya. Mun yi irin wannan gardama a kan bandirin Ƙadiriyya da Malam Nasiru Kabara ya yaɗa a Kano, da maukibi, da waƙoƙin bege na Mauludi, musamman bayan kafa Izala a 1978, kuma ba mu gama ta ba.)

To, in kayan kiɗa sun daina zama alama, me ya rage? Za a ce kalmomi. Amma a nan ma abin ba sauƙi. Kiristan Hausa ba shi da wani rumbun kalmomi dabam da na maƙwabcinsa. Allah yake cewa, da Ubangiji, da annabi, da mala'ika, da addu'a, da sujada, da zunubi, da tuba, da gafara, da Zabura. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma masu fassara sun daɗe suna jayayya kan ko za a ce Isa ko Yesu. Yesu ya yi rinjaye, saboda ana so a nuna ba daidai yake da yadda Musulmi suka san Annabi Isa, alaihissalamu, ba. Duk da haka fassarar da ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970 ta ƙara matsowa kusa da harshen gari, Yohanna ya koma Yahaya, Kristi ya koma Almasihu. Saboda haka mutum zai iya sauraron baiti biyar na waƙar godiya a taron Kirista bai ji abin da Musulmi ba zai ce amin a kansa ba. Nauyin bambancin duka ya tattaru a kan 'yan kalmomi ƙalilan: Yesu, gicciye, ceto, Ɗan Allah. Su ne mawaƙi ke yanke shawara a kansu duk lokacin da aka sa lasifika. In ya faɗe su da ƙarfi a garin da Kirista ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, ya san abin da zai iya biyowa. In ya sakaya su, dattawansa za su ce ya ji kunyar Ubangijinsa, taron ya zama wasa. A ganina wannan shi ne ainihin abin da tambayar Greenbelt ke nufi in an fassara ta zuwa yanayin Gobir, kuma ban ga laifin mawaƙin da ya yi jinkiri kafin ya amsa ba.

Akwai kuma wani alƙali da ba a gayyata ba, shi ne maƙwabci. A watan Nuwamba na 2000 aka shirya bikin nuna tufafi na Afirka, wanda ake kira FIMA, kusa da Yamai. Wani mai tsara tufafi ɗan Nijar, Alphadi, shi ya ƙirƙiro shi a 1998, kuma shi Musulmi ne. Ba majami'ar da ta shirya shi, ba waƙar bishara a cikinsa. Ƙungiyoyin addini suka ce fitsara ce, aka yi zanga-zanga a Yamai, ta bazu zuwa Maradi. A Maradi masu bore suka auka wa wuraren sayar da giya, da gidajen mata masu zaman kansu, da wuraren 'yan bori, da majami'ar Vie Abondante, wata sabuwar majami'a ta 'yan Fentikos mai wa'azi a rediyo da sujada mai ƙarar kiɗa. Barbara Cooper, wadda ta rubuta tarihin Kiristan Maradi cikin littafinta na 2006, ta yi nazarin wannan rana filla-filla. Lokacin kuwa bai yi shekara ba da fara aiki da shari'a a Zamfara, kuma iska ɗaya ke kaɗawa a gefe biyu na iyaka.

Ku dubi abin da ya faru a nan da idon mai tarihi. Shekara saba'in 'yan mishan da almajiransu suka yi suna gina katanga tsakanin majami'a da bori, tsakanin Kirista da mashaya. Sun hana ganga, sun hana giya, sun hana rawa, har suka fi waɗansu Musulmi tsanani. A yini ɗaya taron jama'a ya zuba su duka cikin kwando guda. Bikin da ba na Kirista ba aka maƙala wa Kirista shi, don kawai daga Turai ake ganin ya fito, kuma akwai mata da kiɗa a ciki. Su kansu tsofaffin Kiristan Maradi, 'ya'yan makarantar Tsibiri, waɗanda suka saba zama lafiya da danginsu Musulmi ta hanyar sassauta murya, ba su ji daɗin salon sababbin majami'u ba tun kafin wannan rana. Ke nan a cikin gida ma ba a daidaita ba a kan yawan ƙarar da ta dace da bikin Kirista, balle a waje.

Wani zai tambaya, ina Legas, inda tun 2006 ake cika Dandalin Tafawa Ɓalewa da dare guda na waƙoƙin bishara? Can mai shiryawa shi ke faɗin sunan bikinsa, jama'a su karɓa. A iyakar Gobir mutum uku ke raɗa wa biki suna: wanda ya tara shi, da wadda ta rera, da wanda ya ji daga bayan danga, kuma na ukun ya fi su yawa.

A 'yan shekarun nan wani abu ya shigo wanda bai tambayi addinin kowa ba. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutane daga Sabon Birni da Isa zuwa yankin Gidan Rumji cikin jihar Maradi, hanyar da kakanninsu suka bi bayan Gawakuke. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sāke rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa 2024. Taron dare kowane iri, na aure ne ko na Mauludi ko na Kirsimati, ya dogara ga ko hanya za ta biyu. Wannan ya shafi aikinmu kai tsaye. Waƙoƙin Littafin Waƙoƙi suna nan a buge, ba inda za su. Waƙoƙin Asma'u an tattara su an buga a 1997. Na Narambaɗa suna cikin faya-fayan rediyo, ɗalibanmu sun rubuta kundaye a kansu. Amma na Zumuntar Mata a bakin tsofaffi suke, a Tsibiri da Danja da ƙauyukan da ke kewaye da Maradi, da Gobiranci tsantsa, kuma a cikinsu ne za a ga shekarar da caki ya shiga majami'a da wadda ta shigo da shi. Ɗalibin Sashen Hausa da zai ɗauki wannan aiki zai bukaci na'urar ɗaukar murya, da takardar izini daga hukumomin ƙasa biyu, da wata dattijuwa da za ta gabatar da shi ga 'yan'uwanta.